Jar Kwalba a Babban Teburi, Zoɓo a Bayan Rumfa

Makon jiya kwamitin dinar kammala karatu na ajinmu ya karanto mana jerin abin da za a saya da kuɗin da muka tara. Shinkafa, kaji, hayar zaure, mai hoto, duk babu wanda ya ce uffan. Da aka zo kan "wayin, katan huɗu, na babban teburi da baƙi" sai na ɗaga hannu na ce, me zai hana a dafa zoɓo mai kyau a ajiye a madadinsa? Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Haba malam, dina ce fa, ba sunan jariri ba." Ban samu damar ƙarasa magana ba a ranar, shi ya sa na kawo ta nan, inda babu mai katse ni.

Bari in fara da abin da ya sa maganar ta dame ni. A bara aka yi bikin 'yar ƙanwar babanmu a Abakpa, kuma ni aka ɗora wa jigilar abin sha. 'Yan uwa da abokan arziki kowa ya kawo gudummawarsa, aka tara kwalabe a ɗaki guda. Duk kamanninsu ɗaya: kwalba mai duhu, wuya naɗe da takarda mai ƙyalli, hoton inabi a gaba. Ana cikin hidima Gwaggo ta miƙo mini wata ta ce, "Kai ɗan boko, buɗe mana wannan, ta ƙi buɗuwa." Murfinta toshiya ce irin wadda sai da ƙarfe mai murɗawa ake zaro ta. Na juya kwalbar ina neman dabara, sai idona ya faɗa kan ƙananan haruffa a ƙasa: Merlot, 13.5% vol. Giya ce tsagwaronta. Wanda ya kawo ta bai yi da mugun nufi ba, ya shiga kanti ya ce a ba shi wayin mai kyau na biki, aka ba shi mai tsada. Da murfin murɗawa gare ta, da Gwaggo, wadda ta je Makka sau biyu, ta zuba wa ƙawayenta an sha an yi hamdala.

Tun ranar nake bin diddigin wannan suna, Merlot, wanda Faransawa ke furtawa "Merlo". Ashe sunan wani irin inabi ne, kamar yadda muke da irin mangwaro daban-daban. Asalinsa yankin Bordo ne a kudu maso yammacin Faransa, kuma an fara ganin sunansa a rubuce a 1784. Ana danganta sunan da wani baƙin tsuntsu da ake kira merle a Faransanci, saboda duhun 'ya'yan. A ƙididdigar 2015 ta ƙungiyar harkar inabi ta duniya, OIV, an shuka shi a fili kusan hekta 266,000, wato shi ne na biyu a inabin da ake yin giya da shi, bayan Cabernet Sauvignon. Daga Faransa ya bazu zuwa Italiya, Amurka, Chile, Afirka ta Kudu da Ostareliya.

Me ya jawo masa wannan farin jini? Amsar tana cikin ɓawonsa. A ɓawon inabi da ƙwallayensa akwai wani sinadari da ake kira tanin. Mun san shi, ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne baurin da ke kama harshe in ka bar ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi, kuma shi ne abin da majema ke nema a bagaruwa in za su jeme fata. Merlot ya fi Cabernet Sauvignon siririn ɓawo, yana kuma riga shi nuna, don haka baurinsa kaɗan ne. Masu shan sa suna cewa yana da laushi a baki, yana ƙamshin nunannun 'ya'yan itace irin su ceri da fulam, wanda a namu nan ɗinya ce ta fi kusa da shi. Wata 'yar ajinmu da ake sha a gidansu lokacin Kirsimeti ta taƙaita mini shi da cewa shi ne wanda ba ya sa sabon shiga yamutsa fuska.

Amma ɗanɗano kaɗai bai kai shi inda ya kai ba. A Nuwamban 1991 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 60 Minutes ya yi rahoto cewa wai jan wayin ne ke kare Faransawa daga ciwon zuciya duk da maiƙon da suke ci. Nan take cinikin jan wayin ya tashi a Amurka, kuma Merlot ya kwashi kaso mai tsoka, don shi ya fi sauƙin sha ga wanda bai saba ba, sunansa ma ya fi sauƙin faɗa. Sai kuma a 2004 aka fito da wani fim, Sideways, inda jarumin ya kushe Merlot ya yabi wani irin inabi, Pinot Noir. Kasuwar Merlot ta yi sanyi a Amurka, ta Pinot Noir ta yi sama. Inabin dai bai canja ba, gonakin ba su canja ba. Bakin mutane ne ya juya. Ita kuwa waccan magana ta kare zuciya, a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Na kawo wannan tarihin ne don mu ga abubuwa uku da ke sayar da abin sha: launi mai ɗaukar ido, ɗanɗano mai laushi, da suna. In mun duba da kyau, na ukun ne kawai muke biyan kuɗinsa in mun sayi jar kwalba don babban teburi.

Na san me 'yan kwamiti za su ce: ai mara barasa za mu saya. To, a nan ma akwai abin lura, don kwalaben da ke jere a kanti iri uku ne, kuma duk "wayin" muke ce musu. Na farko ruwan inabi ne kawai da aka sa wa gas, bai taɓa tsimuwa ba, irin su Eva, Pure Heaven da Chamdor da muka saba gani a biki. Na biyu giya ce ta gaske da aka tsima, sannan aka cire mata barasar da inji. Irin wannan akan bar ragowar da za ta iya kai wa 0.5%, kuma sau da yawa za ka ga sunan inabin a jikinta, har da Merlot ɗin. Hukuncinta magana ce ta malamai, a je a tambaye su kafin a zuba a kofi. Na uku ita ce irin wadda ta zo hannun Gwaggo, mai kaso 12 zuwa 15 cikin ɗari. Bambancin ukun yana cikin rubutu ɗan mitsitsi, galibi a ƙasan takardar gaba ko a baya, inda aka sa lamba da alamar kaso da "vol" ko "alc". Wa ke tsayawa karanta wannan a zauren dina, fitilu na walƙiya, kiɗa na tashi? Ko ba ku ɗauki komai daga rubutun nan ba, ku ɗauki wannan: kada ku zuba wa kowa abin da ba ku juya kwalbarsa kun karanta ba.

Sannan ga matsalar jabu. A Disamban 2023 hukumar NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, wadda aka fi sani da Cemetery Market, ta rufe shaguna masu yawa inda ake haɗa jabun wayin da lemuka ana zuba su a kwalaben kamfanoni sanannu. Kaya irin wannan ba a Aba kaɗai suke tsayawa ba, mota suke hawa. Mu kuma ɗalibai ne, kuɗinmu ƙididdigagge ne, duk wanda aka aika kasuwa mai araha zai nema. Kwalba mai araha fiye da kima kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

A yi lissafi ma. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, tambulan biyar ke nan in an zuba daidai. Katan huɗu ba zai zagaya ajinmu da baƙinmu ba, kuma kowa ya san haka. Shi ya sa aka rubuta "na babban teburi". Ma'ana, kuɗin kowa ne, amma 'yan gaba ne za su sha, saura su yi kallo, in an yi sa'a a ba su kwalbar da babu komai su ɗau hoto da ita. Da kuɗin katan ɗaya za a auno zoɓo a Kasuwar Bacci, a haɗa da citta, kanumfari, abarba da sukari, kowa ya sha har ya ƙara.

Yanzu a zo kan zoɓon da aka yi wa dariya. Ja dai ja ne, kuma ba kama ce ta ido kawai ba: dangin sinadarin da ke ba jan inabi launinsa, antosayanin, shi ne ke ba zoɓo nasa. Yana da ɗan tsami, yana da ɗan bauri, yana ɗaukar ƙamshin duk ɗan itacen da aka haɗa shi da shi. In mai dafawa ta san hannunta, ta jiƙa shi maimakon ta bar shi yana tafasa har ya yi ɗaci, ta tace da kyau, ta sa ɓawon abarba da 'yar citta, abin da zai fito shi ne daidai siffar da masu Merlot ke yabo: ja, mai laushi, mai ƙamshin 'ya'yan itace. A layinmu na Abakpa akwai wata baiwar Allah da ke ajiye kula a ƙofar gida, tun daga Unguwar Shanu yara ke zuwa saye. Nata da mazarƙwaila take yi, ba ta sa kala ba ta sa garin ƙamshi na leda. Wallahi da za a zuba shi a tambulan mai doguwar ƙafa a miƙa wa babban baƙo, sai ya tambayi daga wace ƙasa aka kawo.

Kuma duniya ta san darajarsa, mu ne muka raina shi. A Senegal sunansa bissap, kuma suna ɗaukarsa abin shan ƙasa. A Masar da Sudan karkade ne, ana tarbar baƙo da shi. A Ghana sobolo. A Jamaika sorrel suke ce masa, shi ne abin shan Kirsimeti. A Meziko kuwa agua de Jamaica ne, ana sayar da shi a ko'ina, kuma kaso mai yawa na busasshen zoɓon da suke jiƙawa daga Najeriya ake kai musu. Manoman Jigawa, Kano da Katsina ne ke noma shi, a tara a kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau, a cika kwantena a tura Legas. A Turai ma, shayin 'ya'yan itace mai ja da ake sayarwa a ƙananan jakunkuna, in ka duba abin da ke ciki za ka tarar da zoɓo. Wato muna sayar musu da namu a buhu, muna sayo ruwan inabinsu a kwalba da dala, sannan mu ce namu na sunan jariri ne.

Ta fannin lafiya ma yana da abin faɗa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutum 65 da jininsu ya ɗan hau. Waɗanda suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Wannan ba ya nufin zoɓo ya zama magani, kuma mai shan maganin hawan jini ko mai juna biyu ya kamata su tambayi likita kafin su mayar da shi ruwan sha. Haka nan in aka ɗura masa sukari, amfanin ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wajen ƙaramin cokali 12. Amma ko a nan zoɓo ya fi, don kai ne mai sa sukarin da hannunka. Na kwalba kuwa yadda aka rufe shi haka za ka sha.

Ba zan yi wa zoɓo ƙarya ba, waɗanda suka yi dariya suna da hujjarsu. Da yawa daga cikin wanda ake sayarwa a bakin titi ana zuba shi ne a gorunan roba da aka tsinto, ba ka san bakin wa suka fito ba, ba ka san da wane ruwa aka wanke su ba. Wasu suna ƙara kala da zaƙin da ba sukari ba. Kuma ba ya jure zafi. In babu wuta firji ya huce, kwana ɗaya ko biyu sai ka ga gora ta kumbura, ka buɗe ta yi tsaki. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin yis sun shiga suna cin sukarin, suna fitar da gas da barasa. Wannan ita ce hanyar da ruwan inabi ke bi ya zama giya, babu bambanci. Don haka mai gudun barasa, kada ya tsaya kan kwalbar kanti kaɗai, ya lura da zoɓon da ya kwana a zafi.

Sai dai duk waɗannan matsaloli ne masu magani, kuma an daɗe da gano maganin. A shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa in aka ɗumama abin sha zuwa wani mataki aka rufe shi ruf, ƙwayoyin da ke lalata shi suna mutuwa, kuma a kan wayin ya fara gwada hakan. A 1869 wani likitan haƙori a jihar New Jersey ta Amurka, Thomas Welch, Kirista ɗan ɗarikar Methodist da ba ya son a kawo barasa coci, ya yi amfani da dabarar ya adana ruwan inabi ba tare da ya tsimu ba. Daga nan kamfanin Welch's ya samo asali, kuma yana nan har yau. Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda cewa dole jan abin sha na taro ya zama giya, ya shiga kicin ya nemo hanya. Mu da muka shekara biyu muna shiga ɗakin gwaji, muna zana injuna, muna haddace darasin talla da lissafin riba, a ce ɗumama zoɓo da zuba shi a kwalba mai tsabta ya gagare mu? To me za mu ce mun koya? Furojet nawa aka rubuta aka ɗaure da baƙin bango aka jibge a kabad, alhali ga aiki a ƙofar gidanmu?

Akwai wanda ya ja ni gefe bayan taron ya ce, kada in mayar da dina wa'azi, ajinmu ba Musulmi kaɗai ba ne. Gaskiya ne, kuma na ji daɗin da ya faɗa mini a fuska. Ni a Abakpa na tashi, kusa da tsohon barikin NDA, inda maƙwabcinka na dama daga Zangon Kataf yake, na hagu daga Ilori, na gaba daga Inugu. Ban zo in hana kowa abin da yake sha a gidansa ba. Amma mun san garin nan, mun san yadda kogi ya raba mu, wasu arewa wasu kudu, tun bayan rikicin shekarar 2000. Aji irin namu yana cikin wuraren da suka rage da muke zama benci ɗaya. Daren ƙarshe da za mu ci abinci tare, bai kamata a ce akwai kwalbar da wani zai riƙa juyawa yana dubawa da zargi ba, ko teburin da wani zai ƙaurace wa. Zoɓo kuwa babu wanda ba ya sha. Mai zuwa masallaci da mai zuwa coci duk sun tsaya gaban kula ɗaya sun miƙa kuɗi.

Saura maganar "aji", wadda ita ce gaskiyar abin da ke ran masu dariya. Ana jin kunyar a ce baƙi sun zo an ba su abin da ake sayarwa a tasha. Amma shinkafar da za mu ci ma ana sayar da ita a tasha, kuma babu wanda ya ce a cire ta. Abin da ke raba ta tasha da ta dina shi ne hannun da ya dafa da farantin da aka zuba. Mutanen Bordo ba daga sama darajar inabinsu ta faɗo ba. Sun tsaya ne a kan abin gonarsu, suka tsabtace shi, suka sa masa suna da shekara da sunan ƙauyen da ya fito, suka ajiye shi gaban manya ba tare da sunkuyar da kai ba. In mu masu difloma muna jin kunyar ajiye namu, wa muke jira ya ajiye mana? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga abin da nake roƙon kwamitinmu, da na sauran azuzuwan da ke shirin tasu dinar. A soke katan huɗun nan. A ba 'yan sashen fasahar abinci ko na kula da baƙi aikin, a biya su haƙƙinsu. A yi iri biyu, mai sukari da mara sukari. A dafa da ruwa mai tsabta a ranar da za a sha, a zuba a sababbin kwalabe, a ajiye cikin ƙanƙara. Masu zane a cikinmu su yi takarda mai kyau da sunan ajinmu da shekararmu, a rubuta duk abin da aka sa a ciki da manyan haruffa, yadda ko Gwaggo za ta iya sa jikanta ya karanta mata daga nesa. A ajiye shi a babban teburi, gaban shugaban sashe da iyayenmu, irin wanda na ƙarshen zaure zai sha. Rarar kuɗin kuma a duba waɗanda har yanzu ba su iya biyan kuɗin dinar ba, don akwai su, sun yi shiru ne kawai.

In kwamiti ya ƙi, ba zan yi fushi ba, zan zo dinar. Amma zan zo da kulata daga Abakpa, kuma na san kafin a yanka kek za a fara zagayowa ta bayan kujerata ana cewa, "Malam, ɗan sam mana." Zan ba kowa, har da wanda ya ce ba sunan jariri ba ne.

Allah ya sa mu gama lafiya, ya ba mu sakamako mai kyau, ya sa abin da muka karanta ya amfane mu da garinmu.